Takardar Ina da Rai

Babana ya yi shekara talatin yana gyaran hanyar gwamnati. Da diga da felu, wato shebur, ya fara, tun hanyar da ta tashi daga Tsarnawa ta bi ta Badaguishiri tana jan ƙasa, har aka zuba mata kwalta, har ya zama shi ne shef ɗin leburori, wato shugabansu. Da ƙarfinsa ya ja baya aka sallame shi, aka ba shi wani ɗan littafi mai shuɗin bango, aka ce duk wata uku ya je ya karɓi fanshonsa. Ba wani abin kirki ba ne, amma da shi muke sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, kuma tun bayan farin nan na tsakiyar shekarun tamanin rumbunmu bai sake kai mu damina ba. A lokacin na dawo gida da 'ya'ya biyu bayan rasuwar mijina. Innarmu ta daɗe da rasuwa, ƙannena maza kuma duk suna ci-rani, wanda ya tuna ya aiko, wanda bai tuna ba sai dai mu ji gaisuwarsa a bakin matafiya.

Abu ɗaya gwamnati take nema a wurinsa. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, sai ya je buro, wato ofishin gwamnati, a Illela ya tsaya gaban ma'aikaci, a dube shi da ido, a rubuta cewa wannan mutum yana nan bai mutu ba, a buga hatimi. Tsofaffin wajenmu suna ce mata takardar ina da rai. Idan babu ita, an tsayar da fansho ke nan. Baba yana son wannan tafiya ƙwarai. Tun jajibiri zai sa a wanke masa babbar riga, ya yi aski, ya dawo da la'asar ya zauna ƙofar gida yana ce wa mutane, "Na tahi na hwaɗa ma gwamnati ina nan, ta ƙara haƙuri."

Wata safiya cikin bazara yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa. Kafin in iso ya kife. Muka kai shi likita, suka yi abin da za su iya, suka ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Hannu ya mutu, ƙafa ba ta ɗaukarsa, baki ya karkace, miyau yana zuba ba da saninsa ba. Magana tana fita, amma sai wanda ya saba zai gane. Hankalinsa kuwa ras yake. Allah ya yafe mini, wani lokaci nakan ce a raina da hankalin ya ɗan dushe da abin ya fi masa sauƙi.

Ranar da muka dawo da shi gida ya sa aka saki asabarin ƙofar ɗakinsa, ya ce kada kowa ya shigo sai ni da Baffa. Baffa ƙaninsa ne, mutum mai sanyi, mai amalanken jaki, wanda tun suna yara bai taɓa yi wa yayansa musu ba. Shi yake yi masa wanka, shi yake ɗaga shi. Ni kuma ni ce mai abinci da tsaron ƙofa. Mutane suna zuwa dubiya daga gari da ƙauyuka, in fito in ce yana barci. Har liman na ce wa yana barci. Ƙaryar da na yi a watannin nan ta fi wadda na yi tun da aka haife ni. Mutumin da a da in ya kira lebura ana jin muryarsa daga wancan ƙetaren hanya, shi ne ya koma bai yarda ko jikokinsa su ga fuskarsa ba.

Da aka gama yankan gero na ɗauki littafin na tafi Illela ni kaɗai. Na yi 'yan shekaru a lakwal, makarantar boko, na ɗauka in na yi bayani da kyau za a gane. Ma'aikacin saurayi ne mai gilashi, shi kaɗai a bayan tebur, tsofaffi sun yi layi a benci har waje. Ya buɗe littafin, ya dubi hoton, ya dube ni.

"Ina mai littahin?"

"Shina gida, ba shi da lahiya. Jikinshi ya shanye."

"Allah shi ba shi lahiya. Amma baiwar Allah, sai na gan shi."

Ni dai an san ni da baki tun ina yarinya, kuma ranar ban bar shi a gida ba. Na ce masa ni ce zan yi ƙarya da ran ubana? Na ce ko gwamnati ta ɗauka shanyayye tashi yake yi ya yi tsalle in ya ji an ce hatimi? Tsofaffin benci suna ta ce mini, "Haba ɗiyata, yi a hankali." Shi kuwa ya bar ni har na gaji, sannan ya ce an sha samun waɗanda suka binne ubansu suka ci gaba da zuwa da littafinsa shekara da shekaru, shi ya sa doka ta ce sai an gani. Ya ce ba shi da mota, kuma in ya tashi daga teburin nan waɗannan tsofaffi ba mai kula su.

"Ko bisa amalanke ki kawo shi," in ji shi. "Ba sai ya shigo ba, ni zan hito in gan shi. Amma kada watan nan shi ƙare."

Na fito ina huci, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron yana da gaskiya.

Da na gaya wa Baba, sai ya juya fuska bango ya ce, "Ban zuwa." Washegari na sake, ya ce ba ya zuwa. Na yi lallashi, na tura Baffa, Baffa ya shiga ya fito yana sosa ƙeya. Wata yana ta tafiya. A rana ta biyar na shiga da kokonsa, ya sake ce mini a bar fanshon, Allah zai kawo wata hanya. Ban san lokacin da na dire kwanon ba.

"Baba, kunyar taka za mu dahwa mu ci? Ka hi son jikokinka su kwana da yunwa da a ga bakinka? Wa ka hi a garin nan da ba za a ga ciwonka ba?"

Wallahi ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka tun ina goye Uwata yake ce mini, bai taɓa kama sunana ba. Ya dube ni da idon nan nasa mai kyau, sannan ya rufe ido. Bai sake yi mini magana ba. Da yamma Baffa ya kawo mini saƙo: Yaya ya ce zai je, amma a rufe shi tun daga ƙofar ɗaki har ƙofar buro, kada mahaluki ya gan shi. Ma'aikacin ya ɗaga gefen mayafi ya leƙa, ya mayar, a dawo da shi. Na ce na yarda, na yi alkawari.

Bayan sallar asuba muka shimfiɗa tabarma a kan amalanke. Muka kwantar da shi a ɓarin dama don hannun mai rai ya kasance a sama. Na ɗauko farin gwadonsa da ya saya a kasuwar Konni, wanda ba ya taɓawa sai da Salla, na lulluɓe shi daga kai har yatsun ƙafa, na cusa gefuna a ƙarƙashinsa don iska. Hanyarmu duk ramuka ce da duwatsu, sai Baffa ya kawo igiya ya ɗaure shi a ƙirji da gwiwa don kada ya gangaro. Ni da Baffa muka ja baya muka dubi aikinmu, muka ga ya yi kyau. Ko a raina ban kawo komai ba.

Tafiyar ta kai mu hantsi. Baffa yana gaba da jaki, ni ina gefe a ƙasa da gorar ruwa. Sau biyu na sunkuya na ce, "Baba, ga ruwa," bai amsa ba. Da Baffa ya miƙa masa ta ƙarƙashin gwado sai ya sha. Daga nan na fara kuka, ina tafiya ina sharewa da bakin mayafi, har muka hango rumfunan Illela idanuna sun kumbura sun yi ja.

A wajenmu namiji ba ya ganin gawa ta wuce yana zaune. Zai miƙe ya bi ta, ko taku kaɗan ne, ko bai san mai ita ba, kuma ba ya tsayawa tambayar ina za a kai ta. Na san haka tun ina ƙarama. Amma da na ga mahauta a rumfar farko sun ajiye wuƙaƙe sun miƙe, sai na ɗauka wani babba ne ke tafe a bayanmu, har na waiwaya. Sai wani tela da ya san Baffa ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya fito yana gyara hula.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe jikin ya ƙiya?"

A nan na dubi amalanken da idon mutanen gari: farin mayafi, mutum a miƙe a ɓarin dama, igiya a ƙirji da gwiwa, ga ɗiya a gefe tana kuka. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa daga cikin gwado, irin wadda mu biyu kaɗai za mu gane: "Yi shiru." Baffa ya haɗiye maganarsa ya sunkuyar da kai. Ga tela kuwa, amsa ta samu.

Haka muka shiga gari. Masu shayi suka tashi, masu faci suka tashi, wani mai kanti ya ja ƙofarsa ya rufe ya biyo mu. Labari ya riga mu gaba, cewa tsohon shef ɗin leburorin hanya ya cika. Ba hayaniya, sai ƙarar ƙafar amalanke da sawun mutane da salati. Ina ji a bayana suna magana a hankali yadda ake yi. Wani ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin lebura ba. Wani ya ce yana da faɗa dai, amma ba ya riƙo. Wani ya ce shekarar da ruwa ya cinye gada shi ya kwana uku a bakin gulbi yana tsallakar da mutane. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Can sai ga wani tsoho da sanda yana kutsowa yana haki. Na gane shi, abokin aikin Baba ne tun suna samari, sau uku yana zuwa ƙauyenmu a kan jaki ina mayar da shi daga ƙofa. Ya dafa gefen amalanke yana tafiya yana kuka a fili, ba ya ko ɓoyewa. Ya ce ranar da kwalta mai zafi ta zubo masa a ƙafa, wannan mutumin ne ya goye shi a baya har likita. Sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, sau ukku ina zuwa kina ce min shina barci. Da kin bar ni na leƙa ko sau guda."

Ba faɗa ya yi mini ba, kuma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Maganar tana bakina, in ce jama'a ku tsaya, ubana yana da rai. Amma na riga na karya shi sau ɗaya da bakin nan nawa, kuma na yi alkawari. Na cije leɓe na ci gaba da tafiya. Da na dubi gwadon sai na ga wajen kafaɗa yana rawa. Mutane sun ɗauka girgizar hanya ce, ni kuwa na san kuka yake yi.

Da muka isa ƙofar buro mutanen da ke bayanmu sun cika fili. Tsofaffin da ke jiran takardarsu a benci suka miƙe su ma. Ma'aikacin ya fito da biro a hannu, ya gan ni, ya ga amalanke, sai fuskarsa ta sauya.

"Inna lillahi. Baiwar Allah, a hanya? Ni na ce ki kawo shi. Ni na sa."

Biron ya suɓuce masa ya faɗi. Na ce masa ya matso ya ɗaga gefen mayafin ya duba. Ya ja baya ya ce subhanallahi, shi ba zai buɗe fuskar mamaci a kan titi ba, in yi haƙuri, wata takarda ce yanzu za a rubuta. Jama'a suka fara gunaguni. Wani dattijo ya ce a juya da jakin a kai shi inda za a yi masa sutura, rana tana yi. An kewaye mu ta ko'ina, babu wani gefen mayafi da za a ɗaga ido talatin bai gani ba. Abin da muka shirya ya rushe.

Na durƙusa a gefen amalanke na kai bakina wajen kansa.

"Baba, ga mu ƙohwar buro. Mutane sun kewaye mu, ba yadda za a leƙa ka ba su gani ba. In ka ce mu koma, wallahi mu koma, a bar takardar. Ni da ɗiyana mu ci abin da Allah ya ba mu. Ban ƙara yi maka tsawa."

Na ji wani yana cewa, "Ku riƙe ta, baƙin ciki ya taɓa ta." Aka dafa kafaɗata. Ban motsa ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, ni dai na san har jakin ya yi atishawa na ji.

Sai hannun hagu ya fito daga ƙarƙashin gwado. Ya lalubi bakin mayafin, ya kama, ya ja. Igiya ta riƙe, ya sake ja da ƙarfi, gwadon ya zame daga fuskarsa.

Kai, ranar na ga maza sun ja da baya! Wani ya yi tuntuɓe da benci ya faɗi, wani ya yar da takalmi, salati ya tashi ko'ina. Baba yana kwance rana tana dukan fuskar da ta yi wata bakwai ba ta ga waje ba, ta yi fari, gemu ya jiƙe da hawaye, baki a karkace, miyau yana bin haɓa. Na kai hannu zan share masa, ya kawar da kai, ya ja bakin gwado ya share da kansa. Ya ce wa Baffa, "Kwance ni." Baffa ya kwance igiya, ya tallabe shi ya zaunar. Baba ya bi mutanen nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai sunkuya ba. Da ya zo kan ma'aikacin sai ya tattara bakinsa, ya yi maganar a hankali don kowa ya gane.

"Ga ni. Rubuta."

Tsohon nan mai sanda ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai wane irin mutum ne! Ka hana ni ganinka da rai, ka bar ni ina bin gawarka ina zubar da hawayen tsuhwa? Bakin nan ne kake ɓoye min? Ni da ban da haƙori ko guda?"

Wani ya yi dariya, sai ta kama kowa, irin dariyar da ake yi ana share ido. Baba ma ɓarin bakinsa mai rai ya motsa. Tsohon ya rungume shi a kan amalanken yana zaginsa yana kuka. Daga nan mutane suka shiga layi, kowa ya kama hannun hagun da hannu biyu, "Sannu, ya jiki, Allah shi ƙara sauƙi." Ba wanda ya kawar da ido, ba wanda ya tsaya ƙare masa kallo. Ma'aikacin ya shiga ya fito da takarda da tawada, ya ɗora a gefen amalanke ya rubuta a tsaye, ya kama babban yatsan Baba na hagu ya dangwala, ya buga hatimi. Ya miƙo mini takardar, na karɓa.

A komowa Baba ya ƙi kwanciya. Na hau amalanken na zauna, ya jingina bayansa da nawa, gwadon yana kan cinyarsa. Nauyinsa bai kai yadda na zata ba, duk ya rame. Mun yi nisa har muka wuce gonakin dawa da ba a gama yanka ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ruwa."

Na juya na riƙe masa gorar ya sha, rabi yana zuba a rigarsa. Da muka hango bishiyoyin ƙauyenmu na kai hannu zan ja gwadon in rufe shi kamar yadda muka yi alkawari. Ya danne da hannunsa ya ce in bari. A zaune ya shiga gari, mata suna leƙowa ta kan danga, 'ya'yana suka fito da gudu suka tsaya turus, sannan ƙaramar ta hau amalanken ta zauna a ƙafarsa. Washegari ya sa Baffa ya naɗe asabarin, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Fanshon bai tsaya ba. Sau biyu muka sake yin tafiyar nan, yana zaune da babbar rigarsa, yana ɗaga wa mahauta hannu.

Ya rasu cikin damina ta uku, da hantsi, bayan ya sha koko. Aka yi masa sutura, maza suka ɗauke shi. Ni ina cikin gida tare da mata kamar yadda ake yi, ina jin sawunsu yana nisa har ya ɓace. Wata gwaggona ta riƙe hannuna tana cewa in yi haƙuri, haka Allah ya yi mu, mace ba ta raka ubanta. Ni na raka nawa, tun daga rumfar mahauta har ƙofar buro, na ji duk abin da aka faɗa a bayansa, kuma ranar na dawo da shi gida.